Ido Nake Nema, Ba Murya Ba

A Nipponbashi, a lungun da hasken talla bai kai ba,
akwai shago marar suna a ƙofa,
sai warin tsohuwar roba da shayin da ya huce.
Nan Fumie Kuwabara take zaune da kyanwarta,
na'urorin faifai jibge a bayanta har rufi,
kowace da farashinta a goshi.

Ta ce, "Sadanori, zuwanka na uku ke nan,
ko fis ba ka taɓa saye ba."
Na ce mata sannu ba ta hana zuwa.

Ni ba murya na zo saye ba.
Muryar tana gida, a kan teburin girki,
wata bakwai ina ɗinka ta da dalma,
ga tabon ƙuna uku a yatsana na shaida.
Ɗan aike nake nema,
wanda zai karanta abin da ke kan faifai,
ya miƙo min lambobin yadda ya same su,
bai rage ba, bai ƙara gishiri ba.

Ta farko kyan ɗan maciji gare ta,
fuska kamar azurfa, maɓallai reras.
Na juya bayanta, babu kafar da lambobi za su fita.
Na mayar.

Ta biyu nauyi, sai da na yi nishi.
Na danna, bakinta ya buɗe rabi ya tsaya,
kamar mai son magana da ya tuna wani abu.
Bel ne ya saki, wannan ba ciwo ba ne,
kuɗinsa bai kai na kwanon taliya ba.
Amma idonta ya yi yana,
ta daɗe tana lalube kafin ta gane faifai,
kuma irin idon nan an daina ƙera shi
tun ina gyaran wayoyin jirgin ƙasa.
Wa zai sayi makaho ya ba shi karatun wasiƙa?

Ta ukun a ƙasa take, kyanwa na kwance a kai.
Baƙa, kusurwa ɗaya a lotse,
wani ya taɓa ɗora mata kofi mai zafi.
Na ciro faifan gwajina daga aljihu,
wanda jikata ta kurje da cokali,
duk na'urar da ta wuce waƙa ta shida ba in'ina
ta ci jarrabawata.
Na danna ta buɗe.

Ashe akwai wani a ciki.
Farin faifai, rubutun hannu ya fara kodewa:
"Mama, ranar da ta cika saba'in."

Fumie ta ɗaga kafaɗa.
Masu kwashe kayan gidan da ya mutu suka kawo,
ba su bar suna ba.
Ta rage min ɗari biyar saboda tabon kofin.

Faifaina ya wuce ta shida kamar ruwa a kwata.
Na rungumo ta cikin jirgi har Sakai,
tana danne min cinya tasha bayan tasha.

Da dare na kwance murfin,
na goge idon da auduga,
na bar muryarta ta asali tana barci a gefe,
na ja waya ɗaya zuwa akwatina.
Na yi niyyar fara da goge da molo,
hannuna ya ɗauki farin faifan.

Ƙarar kwanuka. Wani ya ja kujera.
Yaro na tambaya ko ta fara ɗauka.
Sai wata tsohuwa ta yi dariya,
ta ce a kashe abin nan, miya za ta huce.

Wata bakwai ina jiran jin muryar da na gina,
abin da ta fara faɗa min ke nan.
Na tashi na duba tukunyata.